Yadda Ake Haɗa Sanwicin Kifin Tuna Ya Kai Azahar Bai Jiƙe Ba

Sanwicin da aka haɗa da ƙarfe shida da rabi na safe, aka saka wa yaro a jakar makaranta ko maigida ya tafi da shi wurin aiki, ba a buɗe shi sai wajen sha biyu ko ƙarfe ɗaya. Awa biyar da rabi zuwa shida da rabi ke nan burodi yana manne da kifi. In ba a yi dabara ba, kafin lokacin ci fallen ƙasa ya jiƙe jagab, yana liƙe wa yatsa, kifin yana zubowa ta gefe, yaro ya dawo da shi gida bai taɓa ba. Ga kuma tsadar tuna a yanzu, ba abin da za a so a zubar ba ne.

Ruwa ne ke yin wannan ɓarna. Burodi bai cika wuce kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na ruwa ba, kuma cikinsa ƙananan ramuka ne fal. Tumatir kuwa kusan kashi 94 na nauyinsa ruwa ne, kokwamba da latas sun kai kashi 95. Duk inda mai ruwa da yawa ya jingina da mai ruwa kaɗan, ruwan zai bi ya tafi can, lokaci kawai yake buƙata. Ta hanya uku yake shiga burodin sanwici: daga kifin da ba a matse shi sosai ba, daga kayan lambu, sai kuma daga tururi da gumin da ke taruwa a cikin leda ko roba. Kowace hanya da maganinta, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Kifin ne ya fi ɗaukar alhaki, don haka a kansa za a fara, a kansa kuma za a fi daɗewa.

Matse kifin

Ki duba jikin gwangwanin, za ki ga nauyi iri biyu: nauyin abin da ke ciki gaba ɗaya, da nauyin kifin bayan an tsiyaye shi. Gwangwani mai giram 160 yakan ba da kifi wajen giram 110. Ragowar giram 50 ɗin ruwan gishiri ne ko mai, wato sama da babban cokali uku. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su danna murfin gwangwanin a kan kifin, su karkata shi, ruwan ya zuba, su ce an gama. Wannan yana fitar da ruwan da ke yawo a gefe kaɗai. Wanda ke maƙale a tsakanin zaren naman yana nan, shi ne kuma zai riƙa tsattsafowa a hankali har tsawon safiya.

Ki juye kifin a matata mai ƙananan ido, irin ta tatar kunu ko ƙaramar gwagwa, ki ɗora a kan kwano. Ki wargaza shi da cokali mai yatsu don ruwa ya samu hanya, sannan ki danna da bayan babban cokali da ƙarfi, ki juya, ki sake dannawa. Ki bar shi minti biyar yana ɗiga, ki tafi yin wani aikin. In kin dawo, ki zuba shi a kan tishun kicin mai kauri ninki biyu, ko ƙyalle fari mai tsabta wanda kika ware don abinci, ki naɗe, ki matse da tafin hannu. Za ki sha mamakin yadda ƙyallen zai jiƙe bayan kina ganin kifin ya riga ya tsane. Alamar ya yi ita ce ki ɗebo kaɗan ki matsa tsakanin yatsu biyu: ya dunƙule, ba ɗigo ko ɗaya, kuma in kin sake shi ya watse warwar.

Wasu na jin tsoron kada kifin ya bushe ya yi gautsi a baki. Ba zai yi ba, domin mayonis zai mayar masa da laushinsa, kuma laushin mai ne wannan karon, wanda ba ya gudu ya shige burodi da sauri irin na ruwa.

Wajen saye, in da hali ki ɗauki wanda naman yake a dunƙule, manyan gutsattsari. Wanda aka marmashe ya fi arha, amma ya fi shan ruwa, yana toshe idon matata, kuma in an matse shi sosai abin da ke saura ba shi da yawa. Tsakanin na cikin mai da na cikin ruwan gishiri kuwa, na mai ya fi sauƙin sha'ani ga sanwicin da zai jira, don man da ya shiga burodi yana sa shi maiƙo ne kawai, ba ya narkar da shi. Shi ma dai a tsiyaye shi sosai, a kuma rage mayonis, in ba haka ba cikin ya yi santsi ya riƙa sulɓewa. Wannan aiki duka haka yake in da sadin za a yi, irin su Titus. Kifin da ke cikin ruwan tumatir, kamar Geisha, shi ne mafi wuyar riƙewa. In dole da shi za a yi, sai a ɗauraye masa miyar a matata ko a soya shi a kasko har ya ƙafe, a bari ya huce sarai.

Kwaɓin

Ga gwangwani ɗaya mai giram 160, wanda zai yi sanwici biyu: mayonis babban cokali ɗaya da rabi zuwa biyu, albasa yankakkiya ƙanana babban cokali ɗaya, masoro ko yaji ɗan kaɗan. Ki fara da cokali ɗaya da rabi, ki juya, ki duba. Kwaɓin da ya yi daidai in kin ɗebo shi a cokali kin kifa, yakan tsaya ɗan lokaci kafin ya faɗo, ya faɗo a dunƙule. In yana malala, ya yi ruwa.

Irin mayonis ɗin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Cikakken mayonis, mafi yawansa mai ne, daga kashi 65 zuwa wajen 80 cikin 100. Wanda aka rubuta an rage masa mai, da ruwa da sitaci aka cike gurbin man. Haka kirim ɗin salak, ya fi mayonis ruwa da tsami. Duk waɗannan biyun suna saki su jiƙa burodi. Mai son sa yogot a madadin mayonis don rage maiƙo, sai ta zuba shi a ƙyalle mai tsabta a kan matata, ta ajiye a firji awa biyu ko uku har tsararon ya fita ya yi kauri. In aka zuba shi yadda yake daga roba, kafin hantsi ya tsinke.

Gishiri abin lura ne. Tunan da ya zauna a ruwan gishiri ya riga ya ji, ba ya buƙatar ƙari. Gishirin da aka barbaɗa a kwaɓi, har da na dunƙulen magi, yana jawo ruwa daga jikin albasa da duk wani ɗanyen ganye da ke ciki, sai ki ga kwaɓin da kika bari da kauri ya kwanta da ruwa-ruwa a ƙasa bayan awa ɗaya. Ki ɗanɗana tukuna. In da gaske yana son gishiri, ɗan tsunkule ya isa. Ɗanɗanon ki nemo shi daga busassun kaya: masoro, yajin barkono, garin tafarnuwa, garin citta, kori kaɗan.

Lemun tsami yana yi wa tuna kyau ƙwarai, yana kashe ƙarni, amma ruwa ne. Dabarar ita ce ki matsa shi a kan kifin tun yana cikin matata, rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya, ki juya, ki bar shi minti biyu, sannan ki yi matsar ƙarshe. Tsamin ya kama naman, ruwan ya fita. Ko kuma ki kankare koren bayan lemun da abin goga, ki sa ɗan kaɗan. Ƙamshin yana nan, babu ruwa ko ɗigo.

Akwai abin da ake sawa a cikin kwaɓi don ya shanye ruwan da zai fito daga baya, kuma ga sanwicin da zai wuce awa huɗu muna ganin bai kamata a tsallake shi ba. Dafaffen ƙwai ɗaya da ya dahu sosai, minti goma a tafasasshen ruwa, ya huce, a marmasa gwaiduwar a ciki, a yayyanka farin ƙanana. Gwaiduwa tana riƙe ruwa, tana ƙara auki. In ba ƙwai, babban cokali ɗaya na garin busasshen burodi yana yin aikin, ko rabin ƙaramin dankalin turawa dafaffe da aka bari ya sha iska ya huce kafin a murƙushe shi. A Tunisiya, inda sanwicin tuna abincin titi ne na yau da kullum, dankali da ƙwai ba sa rabuwa da shi, tare da zaitun da yajin harisa.

Masarar gwangwani, in za ki sa, ki tsiyaye ta ki goge a tishu kamar yadda kika yi wa kifin. Kecaf kada ya shiga.

Kayan lambu

Tumatir ne babban mai laifi a nan. Abu mafi sauƙi shi ne kada a sa shi a ciki: a yanka a zuba a ƙaramar roba daban, mai ci ya jera da kansa lokacin ci. Ga babba wannan ba matsala. Ƙaramin yaro kuwa ba zai tsaya jera tumatir ba, don haka in ana so ya ci, ki zaɓi tumatir mai tauri, dogon nan mai nama da yawa, wanda bai nuna lugub ba. Ki raba shi biyu, ki kwashe 'ya'yan da ruwan cikin da ƙaramin cokali, ki yanka naman siri-siri. Ki jera a kan tishu, ki barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, ki bar shi minti goma zuwa sha biyar, ki ɗora wani tishun a sama ki danna. Gishirin da muka hana a kwaɓi a nan amfani yake yi, domin yana fitar da ruwan tun a kan tebur, kafin tumatirin ya shiga burodi.

Kokwamba ma haka. Ki tsaga ta a tsaye, ki kankare tsakiyar mai 'ya'ya, ki yanka, ki sa kwatan ƙaramin cokali na gishiri ga rabin kokwamba, minti sha biyar, ki goge ta bushe. Albasa in tana da zafi kina son jiƙa ta a ruwan sanyi, ki jiƙa, amma ki matse ta a ƙyalle bayan nan.

Latas dole a wanke shi da kyau, ganye-ganye, musamman na lambun fadama da ake ba ruwan da ba a san asalinsa ba. Matsalar ita ce ruwan wankin yana laɓewa a lunguna da lanƙwasar ganyen. Ki wanke tun da dare ko da asuba, ki kakkaɓe, ki shimfiɗa a ƙyalle, ki goge kowane ganye gaba da baya. Kada ki yayyanka shi. Duk inda wuƙa ta bi, nan ruwa zai fito, kuma ganye ɗungurungum ake so don a yi shinge da shi.

Mai son jin ƙaras-ƙaras a baki ba tare da wannan wahala ba, ta koma ga karas da kabeji da koren tattasai. Kabeji yankakke siri-siri yana awanni bai saki ba muddin ba a sa masa gishiri ba. Karas a yanka shi ƙanana da wuƙa ya fi a goga shi, don gogaggen karas yana fitar da ruwa. In an goga sai a matse.

Burodin da zai iya jira

Burodi mai laushi sosai, mai sukari, irin wanda ake matsawa a hannu ya dunƙule, shi ne ya fi saurin caɓewa, musamman in sabo ne da ɗuminsa daga gidan burodi. Na jiya ya fi na yau ga wannan aiki. In ke za ki yanka, kaurin kowane falle ya kai santimita ɗaya da rabi. Burodin alkama mai dusa ya fi farin burodi riƙe jikinsa. Dogon burodin Faransa, wanda ake samu ko'ina a Maraɗi, Damagaram da Yamai, ya fi duka: ɓawonsa mai tauri ne, ruwa ba ya huda shi da sauƙi. A tsaga shi ta gefe ɗaya ba tare da an raba shi biyu ba, a ɗan ƙwaƙule farin cikin da yatsa a yi kwari, a zuba kifin a kwarin. Farin da aka cire a busar da shi, shi ne garin burodin kwaɓin gobe. A birnin Nis na kudancin Faransa ma akwai sanwicin tuna da da gangan ake shafe cikin burodinsa da man zaitun da ruwan tumatir, a danne shi ya jira awanni. Abin da ke sa bai wargajewa shi ne burodin mai ɓawo ne mai ƙarfi, kuma mai ya fi yawa a abin da ya sha. Da burodin yanka mai laushi ba za a iya wannan ba.

Burodin shawarma yana da kyau, don ba shi da soso mai yawa da zai sha ruwa. A shimfiɗa latas, a zuba kifi, a naɗe. Gurasa kuwa shan ruwa ne aikinta, shi ya sa take daɗi a bandashe. In da ita za a yi, sai a tsaga ta a gasa cikin sosai.

Gashi yana taimakawa, amma a nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Ki gasa fuskar da za ta kalli kifin kaɗai, a busasshen kasko, wuta matsakaiciya, minti ɗaya zuwa biyu, har ta yi ruwan zuma ta ɗan yi tauri. Bayan burodin ya zauna da laushinsa. Sai abu mafi muhimmanci: ki bar shi ya huce gaba ɗaya, minti biyar zuwa goma, a tsaye, falle biyu a jingine da juna, ko a kan waya mai ramuka. In kika kwantar da shi a faranti da zafinsa, tururin zai taru a ƙasa ya mayar da shi jiƙaƙƙe. In kuma kika zuba kifi a kan burodi mai ɗumi kika naɗe, kin haɗa ɓarna biyu: tururi ya jiƙa burodin, ɗumi ya fara lalata kifin. Gara burodin da ba a gasa ba sam da wanda aka naɗe da zafi.

Shinge da jeri

Ruwa ba ya ratsa mai. Saboda haka kowane falle ana shafa masa bota ko majarin irin su Blue Band a fuskar ciki, wajen ƙaramin cokali ɗaya ga falle, siriri amma ba gurbi, har bakin ɓawo ta kowace kusurwa. Yawancin masu shafawa a tsakiya suke tsayawa, su bar gefe tsirara, kuma ta gefen ruwan ke zagayowa. Ki fito da botan tun da wuri ya yi laushi, don mai sanyi yana yaga burodi ya bar ramuka.

Ana yawan tambaya ko mayonis zai iya zama shingen. Yana ɗan yi, amma bai kai bota ba, kuma akwai dalili. A cikin bota, mai ne ya kewaye ƙananan ɗigon ruwa, don haka abin da ke taɓa burodi mai ne. A mayonis abin juye yake: ruwa ne ya kewaye ɗigon mai, komai yawan man. Da daɗewa wannan ruwan yana shiga burodi. Soyayyen man shanu kuma ruwa-ruwa yake a yanayinmu, nutsewa yake yi a burodi maimakon ya zauna a sama. Shi kansa bota yana narkewa in zafi ya kai digiri 32 zuwa 35, wanda a watan Afrilu cikin jakar makaranta ba abin mamaki ba ne. Shingen bota yana aiki ne muddin sanwicin yana cikin sanyi.

Jerin daga ƙasa zuwa sama: burodi, bota, busasshen ganyen latas da ya rufe fallen duka, kifi, tumatir ko kokwamba, wani ganyen latas, sai ɗaya fallen mai bota. Ƙa'idar ita ce duk abu mai ruwa ya zauna a tsakiya, kada ya taɓa burodi. Cukun kanti mai falle-falle yana yin shinge fiye da latas, in akwai shi sai a sa a fallen ƙasa, inda nauyi ke tura ruwa. Ki bar tazarar kamar rabin santimita tsakanin kifin da bakin burodi, kada ki cika har ya tumbatsa, kada kuma ki danne da ƙarfi. Dannawa matse ruwan kwaɓin take yi zuwa cikin burodi. In za ki yanka, sau ɗaya ya isa, da wuƙa mai kaifi, ki haɗe ɓarin biyu yadda suke kafin ki naɗe. Yanka huɗu ko cire ɓawon gefe yana buɗe wa ruwa ƙofofi da yawa.

Naɗi da sanyi

Leda ba ta numfashi. Duk danshin da ya tashi daga sanwici yana taruwa a jikinta ya koma kan burodi, shi ya sa ake samun bayan burodi yana danƙo ko da cikin bai zuba ba. Abin da ya fi shi ne takardar gashin kek: a naɗe sanwicin da ita tsam, sannan a sa a roba mai tauri mai murfi, daidai girmansa, don kada littattafai ko kwalbar ruwa su danne shi. In babu takardar, a naɗe da tishun kicin mai kauri falle ɗaya, sannan foyil a kai. Jarida ko takardar da aka yi rubutu a kai ba a naɗe abinci da ita, tawadar tana bin maiƙo. A lokacin hunturu matsalar takan juye, iska ta busar da gefen burodi ya yi tauri kafin rana ta take. A nan sai a tabbatar murfin robar yana rufuwa ruf.

Kada sanwici ya zauna roba ɗaya da yankakkiyar kankana, lemu ko abarba. Kada kuma a jingina shi da kular abinci mai zafi ko flas ɗin shayi.

Maganar sanyi ta wuce ta jiƙewa, ta shafi lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki, domin tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta rage wa'adin zuwa awa ɗaya in zafi ya haura digiri 32, kuma a Kano, Sakkwato ko Maiduguri wannan shi ne yanayin mafi yawan ranakun shekara. Mutane kan ɗora laifin a kan mayonis, alhali na kanti yana da tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta sakat. Kifi da ƙwai da hannun mai haɗawa su ne abin tsoro. Tuna yana da wata matsalar ta daban: in an buɗe gwangwani aka bar naman a ɗumi, wasu ƙwayoyin cuta suna samar da sinadarin histamin a cikinsa. Wanda ya ci yakan ji fuska ta yi ja da zafi, ciwon kai, ƙaiƙayi ko ƙuraje, bugun zuciya, wani lokaci amai da gudawa, daga 'yan mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu bayan ci. Kifin ba lallai ya yi wari ba, kuma dafawa ko ɗumamawa ba ta kashe histamin.

Don haka sanwicin da zai kai azahar dole ya tafi da ƙanƙara. Ledar ruwan fiya wata guda biyu da suka daskare, ko ƙaramar gorar ruwa da aka sa a firiza tun dare, sun wadatar a cikin jaka mai rufin hana zafi ko ƙaramar kula. Sai dai ƙanƙara tana gumi, guminta kuma yana jiƙa duk abin da ya taɓa. Ki sa ta a leda ki ɗaure, ki naɗe da ƙaramin tawul, ki ɗora a saman robar sanwicin, tunda sanyi ƙasa yake sauka. Gwangwanin kifin da mayonis su kwana a firji, don kwaɓin ya fara tafiyarsa da sanyi. Ƙanƙara tana riƙe sanyin da ta tarar ne, ba ta da ƙarfin sanyaya abu mai ɗumi da sauri. A gaya wa yaro kada ya ajiye jakar a bakin taga inda rana ke bugawa, direba kuma kada ya bar ta a mota a rufe.

Haɗawa tun dare, da doguwar tafiya

Safiya ba ta da yawa, dole a so rage aiki. Abin da za a yi tun dare shi ne matse kifi, kwaɓi, wanke latas da busar da shi. Kwaɓin ya kwana a roba mai murfi a firji. Da safe za ki ga ɗan ruwa ya taru a gefe, ki tsiyaye shi, ki juya, sannan ki haɗa. Wannan kwanan ma alheri ne, don ruwan da zai fita a cikin burodi ya riga ya fita a roba. Kwaɓin yana kwana uku a firjin da sanyinsa bai yankewa. Inda wuta ke ɗaukewa rabin dare, kada a dogara da firji, a buɗe gwangwani da safe a haɗa a lokacin. Haɗaɗɗen sanwici kuwa kada ya kwana: bayan jiƙewa, sanyin firji yana sa burodi saurin tsufa ya yi gari-gari. Firiza ma ba mafita ba ce, mayonis yana tsinkewa in ya narke, latas ya zama ruwa.

Ga tafiyar mota ta wuni guda, ko wurin aikin da ba ƙanƙara ba firji, kada a haɗa komai. A tafi da burodi da aka shafa wa bota a naɗe daban, ƙaramin gwangwanin tuna mai murfin ja da hannu ba a buɗe ba, mayonis na ƙaramar leda, da cokali mai yatsu. Lokacin ci a buɗe, a tsiyaye, a haɗa, a cinye. Abin da ya rage a gwangwani ba a ajiye shi don anjima.

In duk da haka ya jiƙe

Wurin da ya jiƙe yana nuna inda aka yi kuskure. Tsakiyar fallen ƙasa ta yi sharkaf: kifin bai matsu ba, ko mayonis ya yi yawa. Gefuna ne suka jiƙe, tsakiya lafiya: bota bai kai baki ba, ko an cika kifi har ya zubo. Tabo ja-ja ko ruwan hoda a fallen sama: tumatir ya taɓa burodi. Bayan burodin duka yana danƙo, cikin kuma ba laifi: an naɗe da ɗumi, ko leda ce ta tara gumi. Gefe ɗaya kawai ya jiƙe kuma da sanyi: ƙanƙara ce. Ya baje ya yi lafe-lafe: wani abu ya danne shi a jaka, roba mai tauri ake buƙata.

Sanwicin da ya jiƙe amma yana cikin sanyi tun safe, ana iya ceto shi: a cire latas da tumatir, a ɗora a kasko da ɗan bota, wuta ƙasa-ƙasa, minti biyu zuwa uku kowane gefe, ana ɗan dannawa da bayan cokali har ya yi ƙaras. Wanda ya dawo daga makaranta da la'asar, ƙanƙarar ta narke tuntuni, robar ta yi ɗumi a hannu, wannan ba na kasko ba ne, a zubar da shi.